Ƙanƙara, Gishiri da Buhun Taki: Lissafin Kemistiri Daga Miga

Akwai babi uku a kemistiri da ke kayar da ɗalibai fiye da yadda ya kamata: lissafin zafi, lissafin mol, da lissafin yadda abin da aka narkar a ruwa ke jinkirta daskarewarsa. Biyun farko yaro zai gamu da su tun a babbar sakandare, kafin ya zauna WAEC da NECO da JAMB. Na ukun yakan jira shi a shekarar farko ta jami'a, ko a Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, ko a Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa. Ana koyar da su a rarrabe, kowanne da ƙa'idarsa ta hadda. A ganina tambaya ɗaya ce ke ƙarƙashinsu duka: a nan me ake ƙirgawa, nauyin abu ne ko yawan ƙwayoyinsa? Wanda ya saba yi wa kansa wannan tambaya kafin ya taɓa kalkuleta, rabin wahalarsa ta ƙare.

Yaron Miga, a Jihar Jigawa, yana da hujja idan ya yi ƙorafi. A garinsu zafin Afrilu kan haura digiri 40, kuma ko a tsakiyar hunturu ruwan randa bai taɓa daskarewa ba. To ina ruwansa da lissafin daskarewa? Sai dai a ƙasar da ruwa ba ya daskarewa da kansa, nan ne ƙanƙara take zama haja. Shekarun baya-bayan nan azumi ya yi ta faɗowa a bazara, wutar lantarki kuwa ba ta da tabbas, don haka da la'asar sakaliya za ka ga ana sauke ƙanƙara daga babur, a naɗe cikin buhu, ana fasa ta da guduma ana sayarwa gutsure-gutsure. Mai saye da mai sayarwa duka lissafin zafi suke yi da ido. Abin da littafi ya ƙara musu shi ne alƙaluma.

Alƙalamin farko shi ne 4.2. Kowane giram na ruwa sai ya sha jul 4.2 na zafi kafin zafinsa ya hau da digiri ɗaya, sai kuma ya saki jul 4.2 kafin ya sauka da digiri ɗaya. Daga nan ƙa'idar da kowa ya haddace ta fito, Q = m × c × ΔT, wato nauyi sau 4.2 sau tazarar da zafin ya motsa. Alƙalami na biyu shi ne wanda ɗalibai suka fi mantawa: 334. Giram ɗaya na ƙanƙara da ke kan digiri sifili sai ya sha jul 334 kafin ya zama ruwa, kuma duk tsawon narkewar ma'aunin zafi ba zai motsa daga sifili ba. Joseph Black, malami a Gilasgo ta ƙasar Sikotland, shi ya gano haka wajajen 1761, ya kira shi ɓoyayyen zafi, saboda zafi ne da ke shiga amma ma'auni ba ya nuna shi.

Mu ɗauki mai sayar da zoɓo da ta haɗa lita 10, zafinsa digiri 35, ta jefa ƙanƙara kilo ɗaya a cikin kula ta rufe. Mu ɗauki zoɓon tamkar ruwa, kilo 10. A ina zafin zai tsaya? Mu kira wurin T. Zoɓo zai saki kilojul 42 a kan kowane digiri da ya sauka, wato 42 × (35 − T). Ƙanƙara za ta karɓi wannan zafin a zango biyu: kilojul 334 don ta narke, sannan 4.2 × T don ruwan da ta zama ya ɗumama daga sifili zuwa T. Abin da wannan ya saki shi wancan ya karɓa. Ke nan 1470 − 42T = 334 + 4.2T, T ya fito digiri 24.6. Kilo ɗaya na ƙanƙara ya sauke lita 10 da digiri 10 da ɗoriya.

Yanzu a ce maimakon ƙanƙara, ruwan sanyi kilo ɗaya ta zuba, shi ma a kan digiri sifili daidai. Sai a cire 334 daga lissafin, amsa ta koma 31.8. Digiri uku kacal. Ga abu biyu masu nauyi ɗaya, masu sanyi ɗaya a ma'auni, amma ɗaya ya ninka ɗaya sau uku a aiki. Kuɗin da ake biya wa ƙanƙara, kuɗin narkewarta ne. Shi ya sa wadda ta sayi ƙanƙarar da ta riga ta zube rabi a leda ta yi asara fiye da yadda idonta ya nuna mata. Idan kuma tana son zoɓon ya sauko har digiri 10, sai an zare masa kilojul 1,050. Kowane kilo na ƙanƙara zai ɗauke 376, wato 334 na narkewa da 42 na ɗumama. A raba, a samu kusan kilo 2.8.

Inda ake zamewa a jarrabawa shi ne a haɗa zangunan wuri ɗaya. Idan tambaya ta ce ƙanƙarar ta fito daga firiza a kan digiri 10 ƙasa da sifili, zango uku ne: ɗumama ƙanƙarar zuwa sifili, wadda ita nata alƙalamin 2.1 ne ba 4.2 ba, sai narkewa, sai ɗumama ruwan. A narkewa babu ΔT sam, don zafin bai motsa ba. Ɗalibin da ya cusa ΔT a nan ya nuna hadda ya yi.

Ɓoyayyen zafi na biyu ya fi na farko girma nesa ba kusa ba, kuma shi ne wanda kowane gida a Miga yake amfani da shi tun kaka da kakanni. Dubi randa a gindin bishiya ko a lungun ɗaki: jikinta a jiƙe kamar mai gumi, ƙasar da ke ƙarƙashinta da danshi, faifai a bakinta, moɗa a kife a kai. Ruwa ne ke tsattsafowa ta ƙananan kafofin yumɓu, iska ta kwashe shi ya zama tururi. A zafi irin namu, kowane giram da ya tashi yana tafiya da kusan jul 2,400, ninki bakwai na abin da narkewar ƙanƙara ke ci. Randa mai lita 20, don ta sauka da digiri 5, sai ta rabu da kilojul 420. A raba da 2,400, a samu giram 175, wanda bai kai rabin ledar ruwa ba. A zahiri ruwan da zai tashi ya fi haka, don iska mai zafi tana ta mayar wa randar da ɗumi, amma girman abin ke nan. Kuma lissafin ya bayyana abin da mata suka sani: ruwan randa ya fi sanyi a rani da bazara, lokacin da iska ta bushe, fiye da Agusta da iska ta ƙoshi da danshi ba ta iya ɗaukar ƙari.

A Dutse aka mayar da wannan ilimin abin da duniya ta yi magana a kai. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa, wanda ya fito daga gidan maginan tukwane, shi ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya a ƙauyukan jihar a shekarun 1990: ƙaramar tukunya a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, a riƙa yayyafa ruwa. Kayan gwari da kan lalace cikin kwana biyu uku sai su yi makonni. A 2000 kamfanin Rolex ya ba shi kyautarsa ta dala 75,000 a kan wannan aiki. Abin sha'awa, darussan kasuwanci yake koyarwa, ba kemistiri ba. Ni dai ina ganin duk malamin da zai koyar da ɓoyayyen zafi a Jigawa bai ambaci wannan bawan Allah ba, ya bar misali mafi kusa ya tafi nema a nesa.

Zuwa nan duk da giram muke lissafi. Amma sinadarai ba da nauyi suke haɗuwa ba, da ƙirga suke haɗuwa: ƙwayar wannan ɗaya da ƙwayar wancan biyu. Ƙwayoyin sun yi ƙanƙantar da ba za a ƙirga su ɗaya-ɗaya ba, sai aka yi musu ma'auni. Mai goro ya san ƙwarya ɗaya goro ɗari ce, ko manya ne ko ƙanana. Ƙwaryar manya ta fi nauyi, amma ƙirgar ɗaya ce. Haka mol yake, sai dai shi ƙwayoyi 6.022 × 10²³ ne. An sa wa adadin sunan Amedeo Avogadro, ɗan Italiya da ya kafa tushen tunanin a 1811, ko da yake shi kansa bai taɓa lissafa adadin ba. A 1971 aka shigar da mol cikin ma'aunan duniya na hukuma, a 2019 kuma aka tsayar da adadin cak a kan 6.02214076 × 10²³. Mol ɗaya na ruwa giram 18 ne, na gishiri 58.5, na sukari 342. Ledar ruwa mai giram 500 tana ɗauke da mol 27.8.

Manomin shinkafa a fadamun Miga yana ɗaukar wannan lissafi a kai duk shekara. A jikin buhun yuriya an rubuta 46. Daga ina lambar ta fito? Ƙwayar yuriya, CO(NH₂)₂, tana da kabon ɗaya mai nauyi 12, oksijin ɗaya mai 16, naitirojin biyu masu 28, haidirojin huɗu masu 4. Jimla 60. Naitirojin shi ne abincin da shuka ke nema, kuma 28 cikin 60 shi ne kashi 46 da 'yan kai cikin ɗari. Buhu mai kilo 50 ke nan kusan kilo 23 na naitirojin ne a cikinsa. Takin amoniyam salfet kuwa mol ɗinsa giram 132 ne, naitirojin ɗinsa 28 ɗin nan dai, wato kashi 21. Buhunsa mai kilo 50 bai wuce kilo 10 da rabi ba. Buhu biyu masu nauyi ɗaya, ɗaya ya ninka ɗaya. Wanda zai kwatanta farashinsu ba tare da wannan ba, kuɗin buhu yake kwatantawa, ba kuɗin taki ba.

Yuriya tana da wata ɗabi'a da duk wanda ya watsa ta da jiƙaƙƙen hannu ya sani: farin tsakin nan yana narkewa a tafin hannu, sai ka ji sanyi ya ratsa yatsunka. Narkewarta zafi take sha, kusan kilojul 15 a kowane mol. A zuba giram 60 a rabin litar ruwa, zafin ruwan zai faɗi da digiri 6 zuwa 7. A nan tarko biyu ke jiran ɗalibi. Na farko alama: ma'auni ya sauka, sai ya rubuta ΔH, wato zafin narkewar yuriyar, da alamar ragi, alhali ruwa ne ya yi asara, yuriya ta karɓa, don haka alamarta ta ƙari ce. Na biyu ma'auni: littafi kan ba da zafin narkewar ƙanƙara a matsayin jul 334 a giram, wani kuma ya ce kilojul 6.01 a mol. Abu ɗaya ne, 334 sau 18. Wanda ya ninka 6.01 da giram ya haɗa ƙirga da nauyi, amsarsa ta tashi a banza.

Lissafin daskarewa shi ne inda ƙirga ta yi wa nauyi fintinkau. Idan ruwa zai daskare, ƙwayoyinsa jeruwa suke yi cikin tsari, kuma tsarin ba ya karɓar baƙo. Ƙwayoyin gishiri ko na sukari ana barin su a waje, su tsarma ruwan da ya rage, sai ya zama dole sanyi ya ƙaru kafin jeruwar ta ci gaba. Kowane yaro da ya taɓa tsotsar daskararren zoɓo a leda ya ga shaidar haka: zaƙin da jan launin su ke fara fitowa, a ƙarshe a bar shi da farar ƙanƙara salam. Ruwa zalla ne ya daskare, sukari ya taru a tsakankanin.

Charles Blagden a Ingila ya nuna a 1788 cewa saukar ma'aunin daskarewa tana tafiya daidai da yawan abin da aka narkar. François-Marie Raoult a Faransa ya gano a 1882 cewa ba irin abin ne ke da muhimmanci ba, yawan mol ɗinsa ne: mol ɗaya a kilo ɗaya na ruwa yana sauke daskarewa da digiri 1.86, ko sukari ne ko yuriya. Sai dai gishiri ya ƙi bin doka, yana ba da kusan ninki biyu. Jacobus van 't Hoff ya sa wa ƙa'idar wani ƙarin harafi, i, don ta daidaita, Svante Arrhenius kuma ya faɗi dalili a 1887: gishiri idan ya shiga ruwa rabewa yake gida biyu, ayon na sodiyam da ayon na kulorin, kowanne kuma ƙwaya ce mai zaman kanta a ƙirga. Van 't Hoff ne ya fara karɓar kyautar Nobel ta kemistiri a 1901, Arrhenius ya karɓa a 1903. Ƙa'idar da suka bar mana ita ce ΔT = i × K × m, inda i yake yawan gidajen da ƙwaya take rabewa, K na ruwa yake 1.86, m kuma yawan mol a kowane kilo na ruwa.

A narkar da giram 100 na sukari a kilo ɗaya na ruwa. 100 a raba da 342, mol 0.29, sukari ba ya rabewa, i ɗaya ne, sau 1.86, digiri 0.54. A yi haka da giram 100 na yuriya: mol 1.67, digiri 3.1. Da giram 100 na gishiri: mol 1.71, sau biyu, sau 1.86, digiri 6.4. A sikeli duka ukun daidai suke, a daskarewa gishiri ya ninka sukari kusan sau goma sha biyu. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne a raba da litar haɗin gaba ɗaya, alhali kilo na ruwan kaɗai ake nufi, ban da abin da aka zuba masa. Sai kuma wanda aka ba shi giram 250 na ruwa ya manta bai mayar da shi kilo 0.25 ba.

Wajibi ne kuma a gaya wa ɗalibi gaskiya cewa ƙa'idar ta tsarmammen haɗi ce. Wancan ruwan gishirin da takarda ta ce 6.4, idan aka auna bai cika 6 ba, domin ayon ɗin idan sun yi yawa sukan riƙe juna, ba sa aiki kamar 'yantattun ƙwayoyi biyu. Kuma abin yana da iyaka: komai yawan gishirin girki da za a zuba, ba za a wuce wajen digiri 21 ƙasa da sifili ba, wanda ake samu idan gishiri ya kai kusan kashi 23 cikin ɗari na nauyin haɗin.

A kan gishiri da ƙanƙara ne babin farko da na uku suke haɗuwa. A barbaɗa gishiri a kan fasasshiyar ƙanƙara, sai ta fara narkewa da sauri, amma maimakon ta ɗumama, sanyinta ƙaruwa yake. Mutane da yawa wannan na ɗaure musu kai. Gishiri ya sauke ma'aunin daskarewa, don haka ƙanƙarar da ke kan sifili dole ta narke. Narkewar kowane giram na bukatar jul 334, kuma babu inda za ta samo su da gaggawa sai daga jikin haɗin kansa. Haɗin ya yi ta yin sanyi har ya kai sabon ma'auninsa. Manyan masana'antun ƙanƙara da wannan ɗabi'ar suke aiki ta wata fuskar: sukan tsoma gwangwanayen ruwa mai kyau a cikin tankin ruwan gishiri da aka sanyaya ƙasa da sifili, wanda shi bai daskare ba, yana zagayawa yana zuƙe zafin gwangwanayen.

Ana kuma juya lissafin baya, kuma a nan ne ya fi amfani. An ba ka wani farin gari da ba a san ko mene ne ba, an narkar da giram 9 a giram 100 na ruwa, ya daskare a digiri 0.93 ƙasa da sifili. 0.93 a raba da 1.86, rabin mol a kilo. A giram 100 ke nan mol 0.05, giram 9 a raba da 0.05, 180. Nauyin mol na gulukos ke nan. Da ma'aunin zafi kaɗai aka auna nauyin ƙwayar da ido bai taɓa gani ba. Haka kamfanonin madara suke kama algus. Madarar saniya tana daskarewa wajen digiri 0.52 ƙasa da sifili, kuma wannan ba ya canzawa sosai daga saniya zuwa saniya, saboda jikin saniya yana daidaita yawan ƙwayoyin da ke madara da na jininta. Idan aka auna aka ga 0.47, to kusan kashi ɗaya cikin goma ruwa ne aka ƙara. Jinin mutum ma wajen 0.52 ɗin yake, shi ya sa ruwan gishirin da ake ɗaura wa mara lafiya a asibiti giram 9 ne a lita, don yawan ƙwayoyinsa ya yi daidai da na jini. Haɗin gishiri da sukari na masu gudawa, wanda ake nema ruwa a jallo duk shekarar da ambaliya ta gurɓata rijiyoyi a yankin, shi ma ƙirgar ce: a tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2002 akwai giram 13.5 na gulukos a lita, wato 13.5 a raba da 180, mol 0.075. Uwar da ta narkar da fakitin lita ɗaya a rabin lita don ya fi ƙarfi, ta ninka ƙirgar, kuma hakan cutarwa ne ga yaron.

Jarrabawa da Turanci ake yin ta, babu makawa ɗalibi ya san sunayen abubuwan nan da Turanci. Amma ban ga laifin malami ya fara warware tunanin da Hausa ba, ya tabbata yaro ya gane abin da ake ƙirgawa, sannan ya ɗora masa sunaye. Rashin ɗakin gwaji ma ba uzuri ba ne a wannan babin. Kofi uku na roba, ƙanƙarar da aka daka, gishiri, sukari, da ma'aunin zafi guda ɗaya sun wadatar. Kofin farko a bar shi haka, zai tsaya a sifili har ƙanƙarar ta ƙare. Na biyu a zuba cokali biyu na sukari, na uku cokali biyu na gishiri, a gauraya, yara su rubuta abin da suke tsammani kafin a auna. Sai dai malam ya lura, yawancin ma'aunan zafi na makaranta daga digiri 10 ƙasa da sifili suke farawa, kuma kofin gishiri zai iya zarce nan idan aka cika masa hannu. Gara a fara da cokali ɗaya, a auna, a ƙara na biyu, a sake aunawa, yara su zana yadda layin ke sauka.